Takardar da Kawu Ya Miƙa da Hannu Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wanda ya ba mu aron Kawu ya karɓi abinsa ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinsa na unguwar Belleville a Paris, yana zaune a kujerarsa, rediyo na ta magana a gefensa. Ƙanin mahaifiyata ne. Shi ya tarbe ni ranar da na fara taka ƙasar Faransa, riƙe da wata rigar sanyi da za ta ɗauki biyuna, kuma tun daga ranar ban taɓa yanke shawara mai nauyi ba sai na hau benensa.

Kafin la'asar matakalar gidan ta cika. Tsofaffin da suka shekara talatin suna sauke kwalayen kayan lambu tare da shi a kasuwar Rungis sun zo suna dogara sanda. Ɗalibai sun zo daga Saint-Denis. An yi kuka na gaskiya, ba zan ci zalin kowa ba. Amma ina zaune a bakin ƙofa ina karɓar gaisuwa na lura da abu guda. Mutum zai ce, "Ya haƙuri? Allah shi gafarta mishi," ya shafa fatiha, sai idonsa ya zame ya tafi kan armuwar, wato kabad ɗin katako da ke jingine da bango, wadda Hajiya, matar Kawu, ba ta taɓa rataya ko zane ɗaya a cikinta ba.

Kowa ya san abin da ke ciki. Kawu ne ma'ajin mutanenmu. Fasfo, zinariyar aure, takardar fili, kuɗin da wani ke tarawa don ya kai uwarsa Makka, duk wajensa ake kawowa. Sai ya naɗe a ƙyalle, ya ɗaure da zare mai launi, ya sa a armuwar. Bai taɓa rubuta sunan kowa ba, bai taɓa ba kowa takarda ba, kuma ko allura ba ta taɓa ɓacewa ba.

Wani ɗan garinmu mai sayar da tikitin jirgi ya matso kusa da kunnena.

"Malam, Alhaji ya bar kaye kuwa? Littahin da ya rubuta na kowa?"

Hajiya ta ji shi daga cikin mata. Ta ɗaga murya, idonta jawur.

"Ka ce mishi nashi ne mai jan zare biyu. In ya ƙosa shi ɗauka yanzu, gawar ba ta tare hanya ba."

Ana cikin haka tsohuwar bene na uku ta sauko, tana ɗaukar matakala ɗaya bayan ɗaya. Ta kusa casa'in. Bayahudiya ce, maƙwabciyar Kawu tun kafin a haifi ɗansa na fari. Ta girme shi da shekara bakwai, don haka yake ce mata Yaya, mu ma muka bi shi. Ta cire takalmi a ƙofa, ta ratsa mutane, ta zauna kusa da Hajiya ta kama hannunta.

Mai tikitin nan ya taɓe baki.

"Ita kuma wagga mi ta zo nema? Su ai ba su zuwa wuri sai da lissahi."

Raina ya ɓaci. Mutumin da yanzun nan yake neman kaye a kan gawar da ba ta gama hucewa ba, shi ne ke zargin wata da lissafi. Ban tanka masa ba, don gidan makoki ne. Wannan rubutu shi ne amsata, kuma na yi shi ne don kada a tuna Kawu da armuwar kaɗai.

Wata guda kafin rasuwarsa ya kira ni, ya sa na rufe ƙofa.

"Ranar da aka shimhiɗe ni," ya ce, "liman zai tambaya ko akwai mai bina bashi. In kowa ya yi shiru, kai ka tashi ka ce akwai. Ka ce Yaya na bina."

"Nawa, Kawu?"

"Da na san nawa ne da ban kai yau da shi a wuya ba."

A wajenmu ba a sallatar mamaci sai an yi wannan tambaya sau uku, don an ce ransa na nan a rataye da haƙƙin mutane har sai an biya ko mai haƙƙi ya yafe. Kawu bai ji tsoron mutuwa ba, na shaida. Tsoronsa ɗaya ne, a binne shi da haƙƙin tsohuwar nan a kansa.

Wanda bai san shi ba zai ce tsufa ne. Ni na san shi. Magana ɗaya gare shi da ta bi shi har kabari. In jika ya kai hannu kusa da armuwar, ko Hajiya ta ce a matsar da ita a share bayanta, sai ya ce, "Bari, na mutane ne." Shekarata ta biyu a nan kuɗin karatunmu suka makale wata uku, har mai gidan haya ya fara buga mini ƙofa. Na je na durƙusa na ce ya ara mini daga ciki, in sun zo in mayar, mai su ba zai ma sani ba. Ya dube ni kamar na yi tusa a masallaci. Washegari ya kawo mini kuɗin a ambulan. Sai daga baya na lura babu agogo a hannunsa.

Gado ya yi. Kakana mai masauki ne a Damagaram, zamanin da alhazai ke tafiya Makka a ƙasa. Mai tafiya zai bar masa ajiya, a fasa sakaina biyu, ya tafi da rabi, kakana ya ɗaure rabi a jikin kayan. In ya dawo, ko ɗansa ya zo bayan shekara ashirin, sai ya ɗora rabinsa a tafin hannun mai masauki. In sun haɗu, shi ke nan, a fito da kaya. Kawu ya ba mu labarin nan ya fi sau ɗari, kuma kullum a wuri ɗaya yake ƙarewa: wanda ya nemi ma'aji ya rubuta masa takarda, ya kira shi ɓarawo ne a gaban idonsa.

Ita Yaya, mahaifinta tela ne a Lyon, yana kuma sayar da yadin siliki. Da ya ga inda duniya ta dosa kafin babban yaƙin Turai, ya ƙetare iyaka ya kai abin da ya mallaka wani banki a ƙasar Suwis. Ranar da ya damƙa ta ga wasu manoma su ɓoye ta daga masu farautar Yahudawa, tana da shekara bakwai, ya ɗinke wata 'yar takarda a cikin kalmasar rigar sanyinta, ya ce kada ta bari kowa ya farke. Shi da mahaifiyarta aka sa su a jirgin ƙasa aka yi gabas da su zuwa sansanin da ake hallaka Yahudawa, ba su dawo ba. Sai da ta girma ta farke kalmasar. Sunan banki ne, da lamba, da hatimi, da sa hannun ubanta. Abin da ya rage mata na rubutunsa a duniya ke nan.

Tana budurwa ta rubuta musu sau biyu. Suka amsa da ladabi cewa ta aiko da takardar shaidar mutuwar mai ajiya. Takardar shaidar mutuwa! Daga hannun wa? Waɗanda suka ƙone shi ne za su zauna su buga mata hatimi? Mutanen da suka rubuta wannan amsa sun san inda aka kai shi sarai. Sun zauna a kan dukiyar matattu, suna juya ta, suna cire ladan ajiya duk shekara, suna jiran marayun su tsufa su bi iyayensu. Ni dai ban san sunan wannan ba in ba sata ba, sai dai ita wannan da taye a wuya ake yin ta.

Shekara ashirin da wani abu da suka wuce, jaridu suka taso bankunan a gaba, kunya ta sa suka ce duk mai magana ya zo za a saurare shi. Ina Lyon lokacin, ina digirin ƙarshe, kuma abin kunya a kan tattalin arziki. Bankin nan yana da biro, wato ofis, a garin. Kawu ya ce wa Yaya ba a karɓar ajiya da wasiƙa, da ƙafa ake zuwa, da shaidu. Ya sa farar babbar riga da hular da ya yi aure da ita, suka hau jirgin safe daga Paris, na tarbe su a gar, tashar jirgin ƙasa.

Har yau ina jin ƙamshin wurin. Kafet mai laushi har takalmi na nutsewa, kafe, wato kofi, a ƙananan kofuna, da wani mutum mai sanyin murya da ya taso har ƙofa ya ja wa Yaya kujera. Kawu ya gaishe shi da Faransancinsa na Rungis, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi. Mutumin ya saurari labarin Yaya yana girgiza kai, har ya cire tabarau ya goge ido. Sannan ya ce dole ya aika da ainihin takardar babban biro, masana su duba hatimin.

Yaya ta ƙanƙame jakarta. Ni kuma na sunkuya na ce wa Kawu da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Kawu, a yi fotokopi tukuna. Shi ba mu resi, shaidar ya karɓa."

Ya juyo gaba ɗaya.

"Kai! Mutum ya riƙe kayan ubanta shekara hamsin, ya ba mu wurin zama, ya ba mu abin sha, ka ce mishi ɓarawo a gabanshi? Abin da aka koya maka a karatun lakkwal ke nan?"

Ya juya wajen Yaya ya ce mata ubansa wannan aiki ya yi har ya mutu, kuma alama a tafin ma'aji ake ɗora ta. Ta dube shi. Sannan ta fito da takardar ta ba shi. Ba mutumin ta yarda da shi ba, Kawu ta yarda da shi. Kawu ya miƙe tsaye, ya gyara riga, ya miƙa takardar da hannu biyu. Ni da tarin karatuna na ja bakina na yi shiru, don ba a musu da kawu a gaban baƙo. Rabin laifin nan nawa ne, kuma ban taɓa musun haka ba.

Bayan wata biyu wasiƙa ta zo. Sun bincika, babu ajiya mai wannan lamba, kuma babu wata shaida cewa an karɓi wata takarda a bironsu na Lyon. Muka koma. Mai sanyin murya an yi masa canjin wurin aiki, ba wanda ya san ina. Wata yarinya mai murmushi ta tarbe mu a kan kafet ɗin nan.

"Kuna da resi?" ta ce.

Kawu ya nuna ƙirjinsa, ya nuna ni. "Ga shaidu biyu."

Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, amma shaidu ba sa shiga dosiye, takarda kaɗai ake sawa a fayil. Ta tambaya ko za mu sha kafe.

A bakin gar na faɗi abin da bai kamata ba. Na ce, "Ai na gaya maka." Bai dube ni ba. Wata huɗu bai ɗauki wayata ba, ya hana Hajiya ta aiko mini da ko yaji. Rannan na dawo daga jami'a na same shi zaune a matakalar gidana da ƙunshin kilishi a cinya.

"Kai ka yi gaskiya," ya ce. "Amma ka hwaɗe ta a hankali kamar kana jin kunyarta. Da ka ɗaga murya."

Iyakar haƙurin da ya ba ni ke nan, kuma iyakar zagin da ban taɓa warkewa daga gare shi ba.

Abin da ya fi karya shi ba wasiƙar banki ba ce. Mako guda bayan dawowarsu Yaya ta sauko da 'yar rigar sanyin nan ta yarinta, da farkakkiyar kalmasarta, ta ce ya ajiye mata, don gidanta asu na cin kaya. Hajiya ta ce ranar ce kaɗai ta ga hawayensa tun aurensu. Mutumin da ya raba ta da rubutun ubanta, shi ta kawo wa abin da ya rage.

Daga baya an kafa wani kwamiti na duba irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe. Na cike mata takardu har hannuna ya gaji. Aka shekara, aka sake shekara. Wasu sun samu haƙƙinsu, ban ce ba. Ita abin da aka aiko mata shi ne ɗan abin da ake ba waɗanda labarinsu ya yi kama da gaskiya amma ba su da takarda. Kawu ya sa na karanta masa wurin sau uku.

"Ba ta da takarda," ya ce. "Wa ya raba ta da ita?"

Daga watan ya fara wani ƙulli mai baƙin zare. Duk ƙarshen wata in kuɗin ritayarsa sun shigo sai ya cire wani abu ya ƙara a ciki, ko da kuwa a watan naman miya zai gagara. Sau ɗaya ya hau da shi bene na uku. Muna jin muryarta daga ƙasa tana cewa ba shi ya ci ba, ya ɗauke mata tsummansa daga kan tebur. Ya sauko ya mayar da shi armuwar. Hajiya ta ce tunda ta ƙi, a biya kuɗin lantarki da shi. Ya ce, "Bari, na mutane ne."

Zamansa da Yaya bai canja ba. Ranar Asabar addininta ya hana ta kunna wuta, don haka shi ke hawa ya kunna mata abin ɗumama ɗaki, yana haki yana mitar matakala. Ita kuma duk Sallah sai ta sauko da wainar ƙwai mai zuma ta zauna tana sukar shayinsa, wai ya cika sukari. Ba su sake ambaton Lyon ba. Amma ƙullin na ta ƙiba a armuwar, kuma dukansu sun sani.

Ranar Laraba da Alhamis Hajiya ta raba ajiyar mutane da ka, mai jan zare, mai kore, mai shuɗi da fari. Kowa ya kwance nasa ya ga daidai. Mai tikiti har ƙirga nasa ya yi a tsaye a gabanta. Aka bar abu biyu, rigar yarinya da ƙulli mai baƙin zare.

Sai Juma'a takardun kai shi gida suka kammala. Bayan an idar da salla aka ajiye akwatin a farfajiyar masallaci, aka yi sahu. Yaya ta zo a taksi ita kaɗai, wani ya ba ta kujera a gindin bango. Liman, wani dattijo mutumin Maraɗi, ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Akwai mai bin bawan Allah wanga bashi?"

Shiru. Ya sake tambaya. Shiru. Wani daga baya ya ce, "Alhaji? Ai shi ake ba ajiya." Na san abin da za a ce gobe a gidajen mutanenmu, na kuma san cewa in na yi shiru babu wanda zai taɓa sani. Liman ya buɗe baki a karo na uku, sai na ji maganar Kawu a matakalar gidana na Lyon: da ka ɗaga murya.

"Akwai!" na ce, da ƙarfin da har na gaban sahu suka firgita.

Guna-guni ya tashi. Na ji muryar mai tikiti yana salati, wai Alhaji da bashin Bayahudiya. Liman ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Mai haƙƙi tana nan?"

Muka taka tare har gindin bango, ƙullin na hannuna. Na durƙusa na fassara mata abin da liman ya ce: ko ta karɓa, ko ta yafe, sannan a sallace shi.

"Na gaya masa sau ɗari ba shi nake bi ba," ta ce. "Me zan yafe?"

Na ce mata na sani, amma shi bai taɓa yarda ba, kuma da wannan ya mutu. In ta ƙi karɓa, a wajensa yana nan a wuyansa.

Ta dubi akwatin, ta dubi sahun maza sun fi ɗari suna tsaye suna jiran bakinta.

"A wajenku kowa ake yi wa wannan tambaya?"

"Kowa," na ce. "Mai kuɗi da talaka."

"To su fa? Wa zai tsaya a kansu ya tambaya?"

Na fassara wa liman. Ya sunkuyar da kai. Me zai ce? Banki ba a yi masa wanka, ba a shimfiɗe shi a gaban jama'a. In sunansa ya yi wari sai ya canja suna, ya canja kafet, ya ci gaba da ba baƙi kafe.

Sai ta miƙo hannu biyu, kamar yadda ya miƙa tata takardar. Na ɗora mata ƙullin. Ba ta kwance zaren ba. Ta ajiye shi a cinya, ta buɗe jaka ta lalubo wata takardar kantin magani, ta ce a ba ta abin rubutu. Mutum ɗari na jira, ta rubuta a bayan takardar cewa ta karɓi duk abin da take bin maƙwabcinta, babu saura. Ta sa kwanan wata, ta sa hannu, ta miƙo mini.

"Wannan karon," ta ce, "ka yi fotokopi."

Liman ya kabbara.

Na yi fotokopi guda uku. Ainihin tana cikin armuwar, kusa da rigar yarinya, don Yaya ta ce rigar ta zauna inda take, kuma Hajiya ta ba ni makulli. Ya Allah, ga bawanka nan ya taho maka da wuya sakayau. Ka sauke masa duk nauyin da ya ɗauka na mutane, ka yalwata masa makwanci, ka ba Hajiya da Yaya haƙurin rashinsa. Su kuma masu kafet, abin da ke hannunsu na mutane ne, kuma har yau masu shi ba su yafe ba.